Wasiƙa Ga Sabon Hedimasta

Mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da uwargida da yara. Shirun ya yi yawa, kuma kai ma ka san wanda ake bi bashin amsa. A bakin tsohon monitanmu na ji wai an ba ka hedimasta. Kai da ba ka taɓa riga ƙararrawa isa makaranta ba! To, Allah Ya taya riƙo.

Ka tuna guguwar nan da ta yaye kwanon azuzuwa muna firamare, aka kora mu babban zaure, aka ce a buɗe tagogi? Duka biyun kuskure ne, don Allah kada ka maimaita. Rufin babban zaure faɗi gare shi, ba bango a tsakiya da zai tallafe shi, shi ke fara ruftawa. Buɗe taga kuwa ɓata lokaci ne, kuma iska in ta shiga sai ta tura rufi daga ƙasa, ta waje tana zuƙarsa ta sama. Abin da ya fi ji wa mutane ciwo shi ne tarkacen da ke yawo: kwano, gilashi, katako. Ka kai yara hawan ƙasa, ƙaramin ɗaki na can ciki marar taga. Su durƙusa, su kifa kai, hannu biyu a ƙeya. Ka sa su gwada tun sama na garau.

Ba wai hakan sulke ba ne. A Moore ta jihar Oklahoma, Amurka, ranar 20 ga Mayu 2013, guguwa mai matakin EF5, wato iskar da ta haura kilomita 320 a awa, ta rusa wata firamare, yara 7 suka rasu. Amma irin wannan ba safai ba, yawanci rufi ne ke tafiya, shi kuwa yana da magani.

Ka nemo kafinta, ka tsaya a kansa. Iska daga kusurwa da bakin rufi take fara ɓamɓara, nan za ku fara dubawa. Ƙusa mai hula a kan tudun kwano ake buga ta; a baki kowane tudu ya samu tasa, a tsakiya ana iya tsallake ɗaya ko biyu. Kowace rafta a ɗaure ta da langalanga a jikin bango, don in ƙusa kaɗai ke riƙe da ita, rufin zai tashi ɗungurungum da katakonsa. A tsokani katakon da sukurdireba, in ta nutse, gara ta gama da shi. Kai dai kada ka hau, na san tumbin ya ƙaru.

Af, ka ji malamin lissafi ya yi ritaya? An ce har yanzu da bulalar yake yawo, jikoki ke ɗanɗanawa.

Sai tsawa. Ka ƙirga daga walƙiya zuwa rugugi, duk daƙiƙa 3 kilomita guda ke nan. In dai ana jin rugugin, yara su zauna a ciki har a yi minti 30 da jin na ƙarshe, ko da an tashi, ko iyaye na ƙorafi a bakin ƙofa. Gindin bishiya kuma haram.

Akwai abin da na so tambayarka, wallahi ya shige mini. Ka gaida uwargida, ka turo amsa kafin damina.

Naka har kullum.