Godiya ga shagon littattafan da ya bar 'yata ta zauna ta buɗe littafi

Assalamu alaikum. Na rubuto wannan wasiƙa ne domin in miƙa godiyata a bainar jama'a ga masu wani shagon littattafai da ke Sabon Garin Zariya, kusa da PZ, musamman ga baiwar Allahn da ke kula da ɓangaren littattafan yara.

Ranar Asabar da ta wuce na fita da 'yata mai shekara 7, wadda bana ta fara haɗa baƙi sosai, domin in cika mata alkawarin littafin labari mai hotuna. Kafin mu iso wannan shago sai da muka leƙa wurare uku, daga Tudun Wada har cikin kasuwar Sabon Gari, kuma duk kanwar ja ce. Littattafan suna can bayan kanta a ƙunshe cikin leda, kusan dukkansu na Lissafi ne da Turanci da tambayoyin jarrabawar shiga sakandare. A shago na biyu yarinyar ta miƙa hannu za ta taɓa wani mai hoton giwa, sai mai shagon ya daka mata tsawa cewa kada ta ɓata masa kaya, ita kuwa ta ƙanƙame hijabina, ba ta sake cewa uffan ba. A na uku aka miƙo mini bugun jabu, tawadarsa ta yi dishi-dishi, ga shafuka huɗu babu su a tsakiya.

Saboda haka da sanyin jiki na shiga wannan shago, ina riƙe da hannunta gam. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne an jera littattafan yara a ƙasa-ƙasa, daidai tsayinsu, an kuma shimfiɗa tabarma a gefe. Ma'aikaciyar ta gaishe ni, sannan ta durƙusa gaban yarinyar ta ce, "Ƙanwata, labarin dabbobi kike so ko na sarakuna?" Da na yi yunƙurin hana ta taɓawa, sai ta ce, "Hajiya, ki bar ta ta duba, ai ba a cinikin biri a sama." Yarinyar ta zauna ta yi kusan rabin awa tana buɗe wannan tana ajiye wancan, tana bin layi da ɗan yatsa. Da ta karanta "ƙafa" a matsayin "kafa", ma'aikaciyar ta nuna mata lanƙwasar da ke kan harafin, ta sa ta maimaita har bakinta ya faɗa. Abin da ya fi burge ni kuma shi ne lokacin da na ɗauko Magana Jari Ce, saboda da shi na tashi: ta ba ni shawarar in jinkirta shi har yarinyar ta ƙara ƙwari, ta zaɓo mana wani ƙaramin littafin tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi wanda bai kai shi kuɗi ba. Na daɗe ban ga ɗan kasuwan da ya karkatar da mai saye zuwa ga kaya mafi araha ba.

Abin takaici ne a ce irin wannan karɓa ta zama abin mamaki a Zariya. A garin nan aka fara fitar da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, da Abubakar Imam a matsayin editanta na Hausa. A nan aka kafa kamfanin ɗab'i na Gaskiya a 1945, sannan kamfanin buga littattafai na NNPC a 1966, ga kuma Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru tun 1962. Duk da haka, uwa sai ta yi ta yawon gari kafin ta samo wa ɗanta littafin Hausa mai hoto wanda aka buga da haruffa masu lanƙwasa daidai. Kullum muna kukan yara ba sa son karatu, alhali yawancin masu shaguna kallon maɓarnata suke yi musu.

Littafi biyu muka saya, kuma tun a cikin Keke Napep ta fara karanta mini ɗaya, yanzu kuma ƙanenta take karanta wa bayan sallar isha'i. In Allah Ya yarda ƙarshen wata za mu dawo tare da ƙanen nata. Allah Ya saka muku da alheri, Ya sanya albarka a kasuwarku.

Wata uwa daga Tudun Wada, Zariya