Wasiƙa Zuwa ga Aminina a Kan Birkin Motar Baba

Tudun Wada, Zariya.

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na san ka ƙullace ni saboda shirun da na yi tun da kayan da ka aiko suka iso. Na yi wa kaina alkawari ne cewa ba zan rubuto ba sai ranar da motar Baba ta tsaya a inda aka ce ta tsaya, kuma jiya da la'asar ta tsaya, alhamdu lillahi.

Shawarar da ka bayar ta a cire durom ɗin gaba a sa birkin faifai ban bi ta ba, kuma ina da hujja. Tamu MGA ce, motar kamfanin MG, ƙirar 1957, kuma haka ta fito daga masana'antarsu ta Abingdon a Ingila, da durom mai faɗin inci 10 a kowace ƙafa, domin sai a 1959 aka fara sa wa ƙirar 1600 faifai a gaba. Idan na canza shi, ta tashi daga motar da muka sani. Ballantana kai da ka taɓa shiga da ita cikin danga a Samaru ba ka da bakin yi wa kowa wa'azi a kan birki.

Da muka cire durom ɗin, wanda sai da ya sha guduma kafin ya saki, muka tarar da ɓarnar shekaru. Kowace ƙafar gaba silinda biyu gare ta, ɗaya ga kowane takalmi (ƙarfen da ke matse cikin durom idan an taka birki), abin da ya sa take kamawa da ƙarfi idan ana tafiya gaba, ta yi sanyi idan ana ja da baya. A cikin huɗun nan, uku tsatsa ta cinye fistin ɗinsu har ba sa motsi, saboda man birki yana jan ruwa daga iska, kuma wanda ke ciki ya girmi babban ɗana. Na hana yaron shago hure ƙurar da iska, na sa ya jiƙa ta ya goge, domin tsohon layinin irin wannan, wato shimfiɗar da ke jikin takalmin birki, ana yin sa da asbestos, wanda ke lalata huhu. Durom ɗin kuwa na kai Sabon Gari aka sassaƙe cikinsu kaɗan a kan inji, na tsaya a kan mai aikin don kada ya ci ƙarfen fiye da kima.

Bayan mun haɗa komai mun fitar da iska, sai na fita gwaji a hanyar Kwangila, ina taka birki motar ta fizge zuwa dama kamar an ja ta da igiya. Kwana biyu ina zargin saiti. Ta ramin da ke jikin durom ake zura sukundireba a murɗa har taya ta kulle, sannan a dawo da haƙori ɗaya, kuma sau biyu ake yin haka a kowace ƙafar gaba. Na maimaita har hannuna ya yi kanta. Ashe laifina ne. Silinda ta huɗu, wadda na ga kamar lafiyarta ƙalau na bar ta da tsohuwar robarta, ita ce take tsiyayar da mai a kan sabon layinin na hagu, shi ya sa dama kaɗai ke kamawa. Na yi rowar roba guda, na yi asarar takalma huɗu, domin ba a canza na gefe ɗaya a bar ɗayan.

Hajiya ta fito ƙofar gida da ta ji ƙarar injin, ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba, daga baya ta tambaya ko kai ne za ka tuƙa, don ta sa a kawar da awakinta.

Abin da ya rage shi ne masta, wato babbar silindar da ke tura man birki zuwa ƙafafu, wanda a wannan mota yake haɗe da na kuloci a gida ɗaya. Idan na daɗe da ƙafa a kan birki ina jin yana nutsewa a hankali, kuma tunda layin mai guda ɗaya ne tak yake ciyar da ƙafafun huɗu, ba zan yarda in hau hanyar Kaduna da ita a haka ba. Don Allah ka nemo mini robobinsa na Lockheed, ka haɗo da tiyo biyu na gaba, ka ba duk wanda zai taho kafin azumi.

Ka gaida uwargida da yara.

Naka har kullum,
Amininka na Tudun Wada.