Saiwar iboga ba abin da za a aiko a leda ba ce

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana da iyaye, musamman mata, kan wata saiwa da ake ta yaɗa labarinta a waya, wai tana raba mutum da ƙwaya a dare ɗaya.

Makon jiya ƙanwata ta kira ni tana kuka. Ɗanta na fari yau shekara huɗu tiramol ya riƙe shi. Da tuƙin adaidaita ya fara sha, wai don kada ya gaji, yanzu keken ma mai shi ya karɓe abinsa. Na taɓa kwana ɗaki ɗaya da yaron ranar da ya yi niyyar bari: hamma ba ƙaƙƙautawa, ga majina ga hawaye, gumi ya jiƙa tabarma alhali hunturu ake, yana murza ƙafafu yana cewa, "Kawu, ƙasusuwana ake sara." Kafin kiran assalatu ya fice. To, wani ya turo wa uwar bidiyon tallar wannan saiwa, sai ta tuna na yi shekara 11 ina sayar da atamfa a kasuwar Mont-Bouët da ke Libreville, babban birnin Gabon. Ta ce, "Yaya, don girman Allah ka sa a aiko mana da iboga." Na ce mata a'a, kuma zuciyata ba ta so ba.

Na san iboga. Ɗan itace ne na dazukan Gabon da Kamaru da Kwango, ɓawon saiwarsa ake kankarewa, ɗacinsa ya fi na maɗaci. Mabiya addinin gargajiya na Bwiti, irin su ƙabilun Mitsogo da Fang, su ke ci a bikin shigar da mutum cikinsu, kuma a shekarar 2000 gwamnatin Gabon ta sa shi cikin dukiyar ƙasa. Ni Musulmi ne, ban taɓa zuwa wurin bikin ba, amma na ga ɗan maigidan hayarmu da aka dawo da shi daga ƙauye. Mutum biyu ke riƙe da shi don ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa, ya yi amai har ya galabaita, ya kwana biyu bai runtsa ba, yana cewa ya ga kakanninsa. Su da suka gaji abin ma ba sa barin mai ci shi kaɗai ko na minti ɗaya.

Maganar cewa yana kashe ƙishin ƙwaya ba ƙarya ce tsagwaronta ba. A 1962 wani matashi a New York, Howard Lotsof, mai shekara 19 da hiroyin ta kama, ya sha sinadarin da ake tacewa daga saiwar, ibogaine, ya farfaɗo bai ji azabar da ya saba ji ba. Sauran rayuwarsa a kan neman a bincika maganin ya ƙarar. Har yau haramun ne a dokar Amurka, shi ya sa mutanensu ke tsallakawa asibitocin kuɗi a Meziko. A 2025 jihar Texas ta ware dala miliyan 50 don a gwada shi yadda ya kamata.

Abin da mai bidiyo bai faɗa wa ƙanwata ba shi ne sinadarin yana rikita bugun zuciya, har ta tsaya. Wani binciken likitoci da ya fito a 2012 ya bi diddigin mutum 19 da suka mutu bayan shansa tsakanin 1990 da 2008, da yawansu masu ciwon zuciya ne ko waɗanda akwai sauran ƙwaya a jikinsu. Inda ake bayar da shi da hankali, sai an auna zuciya da hanta, an jona wa mutum na'ura, likita na tsaye. Mu a ɗakin tsakar gida za mu ba yaron da ya sha tiramol jiya? Kuma wa zai tabbatar mana garin da ke cikin ledar iboga ne, ba zaƙami aka daka ba? Ko ya tsallake, in ya koma ya sha adadin tiramol ɗin da ya saba, jikin da ya huta ba zai ɗauka ba.

Ban ga laifin ƙanwata ba. Uwar da ta gwada rubutu, ta gwada nasiha, har aka ba ta shawarar gidan mari, kome aka nuna mata za ta miƙa hannu. Tun 2018 aka hana maganin tari mai kodin, amma yaran da suka riga suka kamu suna nan a gidajenmu. Ina kira ga jami'o'inmu masu sashen haɗa magunguna su nemi izini su shiga binciken nan, tunda itacen na maƙwabtanmu ne, NAFDAC kuma ta sa ido kan masu tallarsa a waya. Malamanmu ma su zauna da likitoci su faɗa mana hukuncin magani mai gusar da hankali in larura ta kama.

Ranar Litinin, in Allah ya kai mu, ni zan kai yaron asibitin ƙwaƙwalwa da kaina. Ya amince, da sharaɗin in zauna kusa da shi a ga likitan tare.

Naku,
Wani tsohon ɗan kasuwar Libreville,
Fagge, Kano