Zuwa ga Alhajin da ya tambaye ni a rediyo kan ƴan dako da dokar gasa

Assalamu alaikum Alhaji,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da yaran shago. A shirin rediyon da muka yi kan tsadar kayan abinci ka bugo waya lokaci na shirin ƙurewa, na ce zan amsa a rubuce. Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, ga amsar a inda kowa zai gani.

Na faɗa a shirin cewa idan manyan ƴan kasuwa suka zauna suka tsaida farashin sukari ko shinkafa, sun taka dokar gasa. Sai ka ce to ai ƴan dakon da ke sauke maka kaya sun zauna sun yanke cewa buhu ya tashi daga dala goma zuwa dala goma sha biyar, ba wanda ya kira shi laifi. Ka ƙara da cewa OPVN, hukumar cimaka ta gwamnati, na fito da hatsi a farashin rahusa da damina, kai kuma naka na jibge a mangaza. Ka ce shin doka ɗan kasuwa kaɗai ta sani?

Dokar da nake nufi ita ce sashe na 88 na yarjejeniyar 1994 ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, da ƙa'idojin 2002 da suka fara aiki a 2003. Ficewar Nijar daga CEDEAO, wato ECOWAS, a Janairun 2025 ba ta taɓa wannan ba, muna cikin UEMOA har yanzu. Abu uku ta hana: haɗa baki tsakanin kamfanoni, danniyar wanda ya mamaye kasuwa, da tallafin gwamnati da ke fifita wani kamfani a kan wani. Idan aka karanta ta a sama-sama, gaskiyarka, zaman ƴan dako da zaman alhazai sun yi kama. Amma abin da kowannensu yake sayarwa ba iri ɗaya ba ne.

Kai buhu kake sayarwa. In farashi bai yi maka ba yau, ka rufe mangaza, buhun zai jira wata biyu. Ɗan dako ƙarfin wunin yau yake sayarwa, kuma ba ya ajiyuwa. Ka fi ni sanin yadda ake yi idan tirela ta tsaya da safe: mutum ashirin sun kewaye ta, akasari ƴan cin rani daga wajen Dakoro ko Mayahi, wasu a bakin shago suka kwana. An jingina katako, mutum ya aza tsumma a wuya, ya tara baya an ɗora masa kilo hamsin, wani lokaci ɗari, ya sauko gwiwa na rawa. Idan aka ce kowannensu ya yi ciniki da kai shi kaɗai, wanda ya kwana bai ci ba shi zai tsaida farashin kowa, domin shi ko dala biyar aka ce zai ɗauka. Wannan ba gasar da ke amfanin mai saye ba ce. Dala biyar ɗin da aka rage a buhu ba ta isa ga matar da ke awon tiya ɗaya, amma ga ɗan dako ita ce tuwon dare. Haɗa bakin alhazai yana ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi a kan talaka. Haɗa bakin ƴan dako shi ne kaɗai abin da ke sa a tsaya a saurare su.

Duniya ba ta gane wannan ba sai da aka sha wuya. Amurka ta yi dokar Sherman a 1890 domin karya manyan kamfanonin da suka haɗiye kasuwa, sai ga shi an juya ta kan ma'aikata. A 1908 kotun ƙolin ƙasar ta ce masu ɗinka huluna na garin Danbury sun taka dokar saboda sun kira jama'a su ƙaurace wa kayan wani mai masana'anta. Daga baya aka ci su tarar da ta haura dalar Amurka 250,000, aka riƙe gidajensu da ajiyarsu ta banki, sai da ma'aikatan ƙasar suka yi karo-karo. A 1914 dokar Clayton ta rubuta ƙarara cewa aikin ɗan Adam ba haja ba ne. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta maimaita wannan a 1944, sannan ta yi yarjejeniya ta 87 a 1948 da ta 98 a 1949 kan ƴancin kafa sandika, wato ƙungiyar ma'aikata, da yin ciniki a ƙungiyance. Nijar ta sa hannu a duka biyun tun farkon samun mulkin kai, kuma dokar aikinmu ta 2012 a kansu ta tsaya. Turai ma, wadda UEMOA ta kwaikwayi dokarta, sai a 1999 kotunta ta raba gardama, a shari'ar Albany: wani kamfanin masaƙa a Holand ya ce tilasta masa zuba kuɗi a asusun fanshon da sandika da masu masana'antu suka amince a kai ya saɓa wa gasa. Kotu ta ce yarjejeniyar da aka ƙulla domin kyautata yanayin aiki tana wajen dokar gasa gaba ɗaya.

Sai dai akwai wurin da tambayarka ta taɓa ciwo, kuma shi ya sa na zauna rubutun nan. Duk wannan kariya an gina ta ne domin mai albashi, mai takardar kama aiki. Ɗan dako ba shi da ita. Ɗan kabu-kabu ba shi da ita, haka ɗan ga-ruwa, haka matan da ke ɓarar gyaɗa a biya su kwano-kwano. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa jika 42 a 2024, amma waɗannan labarinsa kawai suka ji. A idon dokar gasa, duk mai zaman kansa da ke sayar da wani abu kamfani ne, ko da jarinsa bai wuce baro ba. Ke nan mai son zuciya zai iya ɗauko sashe na 88 ya ce ƴan dako ashirin kamfani ashirin ne da suka haɗa baki. Kada ka ce ba za ta faru ba. A 2004 hukumar gasa ta Ailan ta hana masu ba da murya a tallace-tallace tsaida farashi a ƙungiyance, sai da majalisa ta gyara doka a 2017. A 2014 kotun Turai ta ce makaɗan da ake ɗauka na cike gurbi, in a zahiri kamar ma'aikata suke, sunan masu zaman kansu ba ya cire masu haƙƙi. A 2022 kuma Hukumar Tarayyar Turai ta fitar da ƙa'idar cewa ba za ta bi mai zaman kansa shi kaɗai da laifi ba in ya haɗu da ƴan uwansa ya nemi farashi wajen wanda ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Su a can waɗannan tsiraru ne. Mu a nan su ne mafi yawan masu neman abinci, don haka mun fi su buƙatar a rubuta wannan baƙi a kan fari. Maƙwabtanmu Najeriya sun sa sashen da ya keɓe ƙungiyoyin ma'aikata a dokarsu ta gasa ta 2018, Afirka ta Kudu ta yi tun 1998. Namu ya kamata ya wuce nan, ya ambaci wanda ba shi da takarda.

Ban ce duk mai katin sandika ya tsira ba. Mai adaidaita goma da ke karɓar kuɗin wuni wajen yara ɗan kasuwa ne irinka, in suka haɗa baki shi da irinsa doka ta hau su. Kuma in ƴan dako suka tashi daga neman farashi suka koma dukan baƙon da ya zo neman abinci, wannan zalunci ne, ka kai ƙara, zan tsaya maka shaida.

Batun hatsin rahusa kuwa, ƙa'idar UEMOA ta 2002 kan tallafin gwamnati ta halatta taimakon jin ƙai da ake ba masu saye kai tsaye, da wanda ake yi lokacin bala'i. Wanda ya ga yunwar 2005 a jihar nan ta Maraɗi, ya ga layin uwaye da yara a cibiyoyin tamowa, ba zai ce gwamnati ta naɗe hannu a watan Agusta domin kare gasa ba. Haka batun CNSS yake, asusun fansho da kula da ma'aikata da ake zuba wa kuɗi tilas. A wata shari'a da aka yanke a 1993, wasu Faransawa biyu, Poucet da Pistre, suka ce a bar su su fita daga asusun tilas su sayi inshora inda suke so. Kotun Turai ta ce asusun da aka gina kan mai lafiya ya ɗauki nauyin majinyaci, matashi ya ɗauki na tsoho, ba kamfani ba ne. Dalilin a fili yake: in aka buɗe ƙofa, masu lafiya da masu kuɗi za su fice, a bar asusun da tsofaffi da marasa lafiya, ya rushe.

Inda kake da haƙƙi shi ne tsabtar lissafi. A shari'ar Altmark ta 2003, kan motocin safa a Jamus, kotun Turai ta ce wanda aka ɗora wa hidimar jama'a a fayyace aikinsa, a tsaida yadda za a biya shi tun kafin a fara, kuma kada a biya shi fiye da abin da ya kashe da ƴar riba. Mu ma wannan muke nema. In buhun rahusa ya zille ya bayyana a shagon maƙwabcinka da cikakken farashi, an cuce ka, an cuci talakan da aka fito da shi dominsa. In kuma aka ce magani kyauta ne ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar, kamar yadda aka yi tun 2006, amma kuɗin bai iso likita a kan kari ba, uwa za ta ƙare a hannun mai tallan magani a tire.

Ga abin da nake roƙonka, Alhaji. Kuna da murya a zauren ƴan kasuwa. Ku kira shugabannin ƴan dako ku zauna, a gaban jami'in kula da aiki in zai yiwu, ku rubuta farashin buhun kilo hamsin da na ɗari, da wanda zai biya magani in katako ya zame mutum ya karye, da lokacin da za a sake duba farashin. Kai ma ka huta da gardama a bakin tirela. In kun sa rana ka aiko mini, zan zo in taya ku rubutawa ba tare da ko dala ba.

Allah ya sa wa kasuwa albarka.

Naka,
ƙaninka daga unguwar Zariya, Maraɗi