A Aika Wakili Marinar Ƙofar Mata Da Littafi Da Biro

Edita, assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini.

Ni ɗan marini ne, sai dai allo da alli ne suka cinye rayuwata, Turanci na koyar har na yi ritaya. Kwanan baya jikata ta zo da aikin gida, an ce ta nemo ma'anar woad. Na ce mata ai baban Turawa ne. Ta tuntsire da dariya, ta zaci uba nake nufi. Jikar masu rini, ba ta taɓa jin an ce baba ana nufin ganye ba!

Woad ganye ne da marinan Ingila suke niƙawa, su cura, su shanya, sannan su jiƙa shi ya ruɓa, kusan yadda mahaifina yake yi da baba. In ja ake so sai saiwar madder, in rawaya ce sai weld. Ulun da aka tsoma a woad aka maimaita a weld shi ne koren da garin Lincoln ya yi suna da shi. Kalmar da ta fi burge ni ita ce grain. Akwai wani ƙwaro mai ba da ja, wanda Larabawa ke kira ƙirmiz, daga nan ma crimson ta samo asali. In ya bushe kamar ƙwayar hatsi yake, sai suka kira shi grain. Rininsa ba ya zuba, shi ya sa har gobe halin da ya bi jikin mutum suke ce masa ingrained.

A 1856 wani Bature ɗan Ingila, William Perkin, yana ɗan shekara 18, ya yi kiciɓis da rinin mauve, wani launi mai kama da shunayya, wajen neman haɗa maganin zazzaɓi, a 1897 kuma Jamusawa suka fara sayar da shunin kamfani. Tsohuwar sana'ar ta durƙushe, amma kalmomin na nan a ƙamusunsu, har da sunayen dangi irin su Dyer da Lister da Dexter, duk marini suke nufi.

Mu kuwa rijiyoyinmu na Ƙofar Mata suna aiki har yau. Roƙona ka tura wakili ya zauna da dattawan wurin, ya rubuta mene ne katsi, yaya ake haɗa laso, me ya raba turkuɗi da kore, me ake yi a mabuga. Ni ma in an kira ni zan zo, muciyar mahaifina tana nan a bayan ƙofata.

Naka,
Tsohon malamin makaranta, Kano