Wasiƙa zuwa ga aminina mai shirin zuwa Monako kallon tseren motoci

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da yara. A miƙa gaisuwata wurin su Hajiya.

Saƙonka ya iso, na ga ka ƙudurta zuwa Monako kallon tseren Formula 1. Na yi murna ƙwarai. Sai dai ina so ka karanta wannan tun kafin ka fitar da ko sisi, domin garin yakan cinye kuɗin baƙo da lokacinsa ta inda bai zata ba.

Fara da kwanan wata. Shekara da shekaru a ƙarshen Mayu ake yin tseren, amma daga 2026 an mai da shi farkon Yuni, don haka kada ka dogara da tsohon lissafi wajen yankan tikitin jirgi. Monako ƙasa ce mai cin gashin kanta, Yarima Albert na biyu ke mulkinta tun 2005, amma ba ta da filin jirgin sama, ta Faransa ake shiga. Bizar Shengen za ka nema a ofishin jakadancin Faransa. Kuɗinta Yuro 90 ne, kuma sai ka nuna inshorar lafiya da za ta iya ɗaukar Yuro 30,000. Ana karɓar takardu tun saura wata 6 a yi tafiya. Nemi ranar ganawa da wuri, saboda masu zuwa hutun bazara kan cika layin.

Maganar masauki kuwa, cire Monako daga ranka. Duk faɗin ƙasar bai wuce murabba'in kilomita 2 da 'yan kai ba, mazaunanta kusan 38,000, ga kuma dubban baƙi sun taru a mako guda. Otal-otal na ninka farashi, da yawansu ba sa ba da ɗaki sai ka biya kwanaki da dama a dunƙule. Ka sauka a Nis, wanda za ka ga an rubuta Nice a alluna, nan ne ma filin jirgin yake. Daga tashar Nice-Ville jirgin ƙasa kan kai Monako cikin minti 20 zuwa 25. Ta gabas akwai Menton, tafiyar kamar minti 10, gaba kaɗan kuma Ventimiglia a cikin Italiya. Ni da zan zaɓar maka, Menton zan ce, domin cunkoson ɓangaren bai kai na Nis ba. Ko ina ka zaɓa, ɗakin ya kasance inda za ka taka da ƙafa zuwa tasha.

Kada ka yi hayar mota. Titunan garin su ne filin tseren, ana rufe su tun da sassafe, ba a buɗewa sai yamma. Tasi ma ajiye ka zai yi nesa. Akwai jirgi mai saukar ungulu daga filin jirgin Nis, minti 7 kacal, amma wannan na masu hannu da shuni ne. Sayi tikitin jirgin ƙasa na zuwa da dawowa tun jajibiri, don layin na'urar sayar da tikiti da safe kan sa mutum ya rasa jirgi biyu. Tashar Monako a ƙarƙashin ƙasa take, tana da ƙofofi da yawa, wata sama wata ƙasa. Duba harafin wurin zamanka a jikin tikiti, ka bi allon da ke ɗauke da shi. In ka fita ta ƙofar da ba taka ba, shingaye za su tilasta maka dogon zagaye a kan tudu, alhali kana hango wurin da ido.

Yanzu ga tseren kansa, don ka san abin da kake saye. Tun 1929 ake yin sa. Zagaye ɗaya kilomita 3.337 ne, da kwana 19, ana yin zagaye 78, jimilla kusan kilomita 260, ƙasa da 305 da ake yi a sauran wurare, saboda a nan gudu ba ya sakewa. Daga layin tashi motoci kan karya dama a Sainte Dévote, su haura tudu zuwa dandalin gidan caca na Monte Kalo, su gangaro ta Mirabeau zuwa kwanar da ta fi kowace matsi a duk gasar, inda direba ke saukowa zuwa kamar kilomita 50 a awa. Daga nan sai su shige ta ƙarƙashin gini, su fito bakin tashar ruwa, su bi kwanar Tabac, su kewaye wurin ninkaya, su juya a Rascasse su koma mafari. Hagu da dama shingen ƙarfe ne, kusan babu filin da mai kuskure zai faɗa ya dawo.

Wannan matsin shi ne daɗin wurin, shi ne kuma aibinsa. Motocin suna da faɗi, titin ƙunci, wuce na gaba ya yi wuya matuƙa. A 2024, lokacin da ɗan garin Charles Leclerc ya yi nasara, motoci goman farko sun ƙare daidai yadda suka jeru a wurin tashi. Saboda haka in ranar ɗaya kawai aljihunka zai ɗauka, ɗauki Asabar. Ranar ce ake gwajin neman gurbi, wato gudun da ke tantance jerin motoci a wurin tashi, da ƙarfe 4 na yamma, kowane direba yana fitar da iyakar abin da ke cikin motarsa, taya na shafar ƙarfe. Tikitin Asabar ya fi na Lahadi sauƙi, na Juma'a kuma ya fi duka araha. Lahadi ana tashi ƙarfe 3 na rana, agogonsu kuma yana gaban na Najeriya da Nijar da awa 1 a wannan lokacin. Ranar ta fi armashin taro, kuma in aka yi ruwa komai na iya juyewa: a 1996 motoci 3 kaɗai suka kai ƙarshe.

Tikiti ka saye shi daga Automobile Club de Monaco, masu shirya tseren, ko wakilin da suka amince da shi. Na hannun 'yan bakin tasha ka bar musu abinsu. Kujerar Lahadi ɗaruruwan Yuro ce, masu kyau sukan haura dubu. Dandamalan zaman 'yan kallo da haruffa ake kiransu: K yana fuskantar tashar ruwa, daga nan za ka ga mota tun daga Tabac har shigarta wurin ninkaya, ga jiragen ruwan attajirai jere a gabanka. A ganina shi ya fi dacewa da mai zuwan fari. T yana kallon garejin da ake canza taya. B yana dandalin gidan caca, wurin ya yi kyau a hoto amma ɗan guntun titi kake gani. Ko wanne ka ɗauka, nemi layin sama, domin na ƙasa ragar waya ce ke tare masa ido, kuma ka tabbatar akwai babban allon talabijin a gabanka, in ba haka ba mota za ta wuce fiu ba ka san wa ke gaba ba. Mafi araha shi ne Rocher, gangaren da ke ƙarƙashin fadar Yarima. Babu kujera, ƙasa ce da itatuwa, wanda ya riga zuwa shi ke da wuri, sai ka yi sammako sosai, kuma in ka tashi wani ya gaje ka. Ita wannan matsattsiyar kwanar da ake yawan nunawa a talabijin, babu dandamalin jama'a a wurin, daga otal ɗin da ke kanta ake kallo. Kallon kyauta kuma kada ka sa rai, duk wata kafa an toshe ta.

Mafi yawan dandamalan ba su da rufi, za ka yi awa biyar ko shida a kan benci mai tauri. Ɗauki hula, da rigar ruwa mara nauyi maimakon lema, don lema tana tare wa na baya, da ɗan abin shimfiɗa, da abin toshe kunne, domin gine-gine na mayar da ƙara, musamman ta ƙananan motocin da ke tsere kafin manyan. Ruwa a gorar roba, ba a shiga da kwalba. Takalmi mai daɗin tafiya ya zama dole, garin hawa da gangara ne, kodayake akwai lif na jama'a kyauta a wurare da dama. Tambayi kamfanin layin wayarka ko tsarinsu ya haɗa da Monako, domin ba ta cikin Tarayyar Turai, wasu layukan kan caje ta daban. Ajiye hoton tikitinka a waya, intanet kan yi nauyi in taro ya cika.

Salla ka tsara ta tun daga masauki. Akwai masallatai a Nis. Gwajin motoci na farko ranar Juma'a yakan faɗo daidai lokacin sallar Juma'a, to ka yi sallarka a Nis ka kamo jirgi, za ka riski gwaji na biyu da ƙarfe 5. Rana ba ta faɗuwa sai bayan 9 na dare, akwai wadatar lokaci. Tafi da ƙaramar darduma, ka fito da alwalarka, don layin banɗaki yana da tsawo.

Abinci a bakin titin tsere tsada ne. Leƙa kasuwar Condamine da ke Place d'Armes, bayan tashar ruwa kaɗan. Akwai socca, wainar garin wani wake da ake gasawa a babban faranti, da barbagiuan, soyayyen fulawa mai ganye da cuku a ciki. Tambaya dai ko an sa nama. A unguwar Fontvieille akwai babban kanti na Carrefour mai farashi irin na kowa. Naman halal kuwa a Nis ya fi samuwa, musamman kewayen tasha.

In an tashi, kada ka ruga tasha tare da kowa. 'Yan sanda kan tsayar da mutane a waje, suna shigar da su rukuni-rukuni, tsayuwar na iya wuce awa. Zauna ka huta, ka ci abinci. Da yamma ana buɗe titin, sai ka taka shi da ƙafarka, ka ga baƙin sawun taya a kwalta, ka auna ƙuncin wurin da idonka. Cikin awa ɗaya za ka gama zagayen a natse. Wajen Rascasse da dare kiɗa ne da shaye-shaye, na san ba wurinka ba ne, ka bi ta gefe. Duba lokacin jirgin ƙarshe tun da rana, ka kama wanda ke gabansa.

In ka samu rarar kwana ɗaya bayan tseren, hau dutsen fada ka ga canjin masu gadi da ƙarfe 11:55 na safe, sannan ka shiga gidan tarihin halittun teku da aka buɗe a 1910, yana nan kusa.

Sanar da ni ranakun da ka tsayar da kuma dandamalin da ka zaɓa, in duba maka ƙofar tashar da za ka bi. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya.

Naka har kullum,
Amininka