Binciken batir ba almubazzaranci ba ne

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Na rubuto ne domin in nuna ɓacin raina game da abin da baƙonku ya faɗa a shirin daren Talata, wai kuɗin da gwamnati za ta ware wa binciken batura masu caji almubazzaranci ne, tunda ana iya sayo su daga Sin. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mai gabatarwa bai ja shi ba ko sau ɗaya.

Ni tela ne a Fagge, ina da kekuna huɗu da yara shida da suke cin abinci a ƙarƙashina. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na jingine janareto, na ci bashi na haɗa sola. Farantan suna nan lafiya ƙalau, batir ne ya zame mini ƙarfen ƙafa. Sau biyu ke nan ina sauya batirin ruwa, domin zafin bazarar Kano ba ya barin sa ya yi ƙarko, kuma na biyun a daren jajibirin ƙaramar sallah ya mutu, ɗinkin mutane jibge a gabana, har na kai ga ba wa dattijon da ya haife ni haƙuri saboda rigarsa. Na litiyam kuwa ya fi ƙarfin aljihuna, kuma duk ranar da dala ta motsa sai ya ƙara yi mini nisa.

Shin baƙon naku bai san cewa ana haƙar litiyam a Nasarawa da Kaduna da Kwara ba, a fita da shi da araha, a dawo mana da shi da tsadar da ba ma iya saya? Batirin da yake cewa a sayo ai ba daga sama ya faɗo ba. Shekaru masana suka kwashe a ɗakin gwaji kafin kamfanin Sony ya kai shi kasuwa a 1991, kuma a kansa aka ba mutum uku kyautar Nobel a 2019. Amurka ma, da duk arzikinta, dala biliyan 2.4 ta ware wa batura da motocin lantarki a 2009. Har dariya baƙon ya yi da aka ambaci na'urar da ke haɗa haidurojin da oksijin ta ba da wuta, alhali ruwa kawai take fitarwa maimakon hayaƙin da muke shaƙa.

Ina roƙon ku gayyato malamin kimiyyar sinadarai daga Jami'ar Bayero, ya faɗa mana nawa ne yake isa hannunsu daga asusun bincike na TETFund, wato hukumar da ke tallafa wa manyan makarantu da kuɗi, da abin da ake buƙata a yi batirin da zai jure zafinmu.

Sannan ku duba layin wayar shirin, domin sau tara na kira a daren, ba a ɗauka ba.

Naku mai sauraro,
Wani tela daga Fagge, Kano.